Abin da Ya Cinye

Dutse, 8 ga Janairu, 2025

Zuwa ga Goggo Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya ƙafar taki? Baba ya ce sanyin bana ya tayar miki da ita. Allah ya ƙara sauƙi.

Na san sai kin yi tunani kafin ki gane ni. Ni ce Mu'minatu, 'yar Malam Abdurrahim na Kafin Hausa, wanda kuka haɗa kaka da shi. Rabona da ke tun bikin Anti Najwa, ranar da kika ce bakina ba ya hutawa. Yanzu ina aji biyu a jami'a a nan Dutse, ina karanta harkar kasuwanci.

Da waya na so kiran ki, Baba ya hana. Ya ce ke ba kya maganar kuɗi a waya, sai a rubuce, tun kina koyar da lissafi a firamare. To ga ni na rubuto. A darasinmu na akanta, malaminmu ya ce kowa ya nemo sana'a ta gaske, ya karɓi littafinta na shekara guda, ya fitar da riba da asara. Maki talatin ne. 'Yan ajinmu duk sun yi rububin masu shagon bakin makaranta, ni kuwa sai na tuna injin niƙanki na Ringim. Don Allah ki ara mini littafin bara, tare da kuɗin da aka sayi injin da shekarar da aka saya. Direba Albarka yana zuwa Dutse kullum, shi zai kawo mini. Babu wanda zai gani sai ni da malamin.

'Yarki,
Mu'minatu

Ringim, 14 ga Janairu, 2025

Mu'minatu,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, alhamdu lillahi. Na gane ki sarai, mai surutu ba ya ɓace wa mutum. Ki gai da babanki, ki ce masa na ga sai da buƙata ta taso aka tuna da hanyar Ringim.

Ga littafin nan. Rubutun Ɗanladi ne, ɗan ƙanen marigayi maigidana. A hannuna ya tashi tun yana shekara tara, kuma shekararsa goma sha ɗaya yana riƙe da injin. Shi ke karɓar kuɗin niƙa, shi ke sayen mai, duk Juma'a ya kawo mini abin da ya saura. Tsohon injin ya mutu, wannan sabo ne, shekara uku ke nan da na saye shi miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas.

Yanzu ki buɗe kunnenki. Ba don makinki kaɗai na ba ki littafin nan ba. Kuɗin Juma'a ya ragu, in na yi magana sai a ce mini man gas ya yi tsada. To, na ji, ya yi tsada. Amma cikin wannan tsadar Ɗanladi ya sayi babur, matarsa Na'ima kuma ta canza kujeru. Ban ce komai ba, ban kuma ce ya yi komai ba. Idona ne ba ya ganin ƙananan lambobi yanzu, mutanen garin nan kuma in ka nuna wa ɗaya littafi, kafin magariba kowa ya karanta. Ke daga nesa kike, ba ki ci nasa ba, ba ki ci nawa ba. Ki duba mini da idon boko, abin da kika gani ki rubuto da Hausa, ban son Turancin da zan nemi mai fassara.

Kada ki kira ni a kan wannan. Kunnena ya yi nauyi, sai na saki muryar wayar a fili nake ji, 'yan hayar gidan nan kuwa kunnuwansu lafiya lau.

Goggonki,
Halimatu Sa'adiya

Dutse, 23 ga Janairu, 2025

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, ƙafa kuma ta ci gaba da sauƙi. Baba yana gaishe ki, ya ce ya ji saƙo, ya kuma karɓi laifinsa.

A gurguje nake rubutu, jarrabawa za mu fara ranar Litinin. Na gama aikin, na miƙa wa malam na Turanci, ga naki na juya miki da Hausa:

Kuɗin niƙa da ya shigo: ₦4,200,000
Man gas: ₦2,450,000
Gyara da sayen faifai da bel: ₦310,000
Hayar shago: ₦120,000
Albashin Yaya Ɗanladi: ₦480,000
Abin da ya cinye a shekara: ₦180,000
Riba: ₦660,000

Goggo, ki duba layi na shida da kyau. Wannan ba za ki same shi a littafin Yaya Ɗanladi ba, bai taɓa rubuta shi ba, ni na fito da shi da kaina. Rubutunsa tsaf yake, duk jimlar da ya haɗa ta yi daidai, wanda bai yi karatun nan ba ba zai taɓa lura da wannan ba. Malaminmu ya ce haka yawancin masu sana'a suke, shekara da shekaru abin yana tafiya ba su sani ba, suna murna suna cin riba, sai ranar da aka wayi gari a ga babu komai. Wallahi da na fito da lambar nan ji na yi kamar an ba ni digirin.

Sauran bayani sai na zo hutu, in Allah ya yarda. Ga littafin na mayar ta hannun Albarka. Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Mu'minatu

Ringim, 29 ga Janairu, 2025

Mu'minatu,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, sai dai hawan jinin da ya motsa, kin kuwa san dalili. Allah ya ba ki sa'ar jarrabawa, Allah ya yi miki albarka. Karatunki ya yi rana.

Daman jikina ya ba ni. Sau uku na karanta takardarki, na cire tabarau na goge na sake karantawa. Ban kwana da abin ba sai da na yi shawara da kaina, ranar Lahadi bayan la'asar na aika aka kira Ɗanladi. Ban yarda in zauna da shi daga ni sai shi ba, don kada gobe a ce tsohuwa ce ta rikice. Na kira Malam Musaddiq limamin unguwarmu, na kira Sagiru yayan Na'ima. A gabansu na karanta takardar daga sama har ƙasa. Da na zo kan layin sai na ɗaga murya: albashin Ɗanladi kaza, abin da ya cinye a shekara, dubu ɗari da tamanin.

Kin san abin da ya yi? Bai yi rantsuwa ba, bai yi kuka ba. Cewa ya yi a ba shi takardar. Ya ɗora yatsa a kan layin, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya wa ya rubuta. Na ce daga jami'a ta fito, wadda ta yi kuma ba ta san shi ba balle ta ƙi shi. Ya ce shi bai san ta inda wannan kuɗi ya fita ba. Na ce ai shi ya sa aka kira shi, ya tuna. Malam ya yi ta ba da baki, Sagiru ya sunkuyar da kai har aka tashi. Na karɓi makullin shagon, inji yana rufe yau kwana uku.

Abin da ya fi ci mini rai, na ninka lambar sau goma sha ɗaya. Miliyan biyu ba dubu ashirin. Yaron da na yi wa kaciya, na yi wa aure! Na ce masa na bara kawai nake nema, sauran na bar shi da Allah.

Yanzu abu guda nake so. Ki rubuto mini dalla-dalla ta inda ya bi ya cire, a wajen mai ne ko a wajen gyara, don Malam ya tambaye ni ban iya amsawa ba. Ina da littattafan shekarun baya a akwati, su ma zan aiko.

Goggonki

Dutse, 12 ga Fabrairu, 2025

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan jinin ya sauka. Ki gafarce ni, gaisuwar ma ban iya tsayawa in yi ta yadda ya kamata ba.

Yau da safe wasiƙarki ta iso ni. Motar Albarka ce ta lalace, ya bar wasiƙar a wani shago a tasha, mai shagon ya manta da ita sati biyu. Ina gama karantawa na ɗauki waya. Na kira ki sau bakwai ba ki ɗauka ba.

Goggo, innalillahi. Yaya Ɗanladi bai ci ko sisi ba. Injin nake nufi, ba shi ba. Injin ne ya cinye, kamar yadda ake cewa taya ta cinye, ko faifan niƙa ya cinye. Ƙarfe ne, kullum aka kunna shi yana tsufa. A darasinmu an koya mana cewa in an sayi inji mai tsada, ba a ɗora kuɗinsa duka a kan shekarar da aka saya, ana raba shi ne a kan shekarun da ake ganin zai yi yana aiki, kowace shekara ta ɗauki rabonta. Ba kuɗi ne da ya fita daga aljihun kowa ba. Lamba ce ake rubutawa don mai sana'a ya san ribarsa ta gaskiya, ya riƙa ajiye wani abu saboda ranar da injin zai mutu, kamar yadda tsohon ya mutu miki. Da Turanci kalma guda ce, na rasa Hausarta, ga jarrabawa a kaina, sai na rubuta abin da ya fara zo mini a baki. Kuma na ajiye shi a ƙarƙashin sunansa, ban lura ba.

Da na ce bai taɓa rubutawa ba, ai ba ɓoyewa ya yi ba, babu mai injin da ke rubuta wannan. Littafinsa ya fi na rabin 'yan ajinmu tsafta.

Don girman Allah ki kira shi yau, ki mayar masa da makulli, ki kira Malam da Yaya Sagiru su ji. Saura mini jarrabawa uku, da na taho da ƙafata.

'Yarki,
Mu'minatu

Ringim, 17 ga Fabrairu, 2025

Mu'minatu,

Wa alaikumus salam. Jini ya sauka, ƙafa na nan yadda take. Na ga kiranki, da gangan na ƙi ɗauka, na riga na gaya miki dalili.

Na karanta sabon bayaninki. Ikon Allah, ashe inji ma yana cin kuɗi. Ni dai shekara talatin na yi ina koyar da lissafi, ban taɓa ganin lambar da ake cirewa ba tare da wani abu ya fita ba. Jiya na sa aka buɗe mini shagon, na zagaya injin, na shafa shi. Yana nan yadda na saye shi, ko ƙusa ɗaya bai ragu ba. Ba shi da baki, ba shi da aljihu, bai sayi babur ba.

Bari in tambaye ki, kuma ki ji tsoron Allah ki gaya mini gaskiya. Wa ya same ki? Ranar Litinin ɗin da ta wuce Na'ima ta tafi Dutse, wai asibiti. Ranar Laraba ke kuma kika zauna kika rubuta cewa ba haka kike nufi ba. Sati biyu wasiƙata tana shagon tasha, sai bayan Na'ima ta shiga gari ta fito? Ni ba yarinya ba ce. In kuka ta zo ta yi miki, ki faɗa, ba zan ga laifinki ba, ke yarinya ce mai tausayi. In kuma wani abu aka sa miki a hannu, wannan tsakaninki da Ubangijinki.

Ga abin da ba ki sani ba. Ya biya. Ranar Juma'a bakwai ga wata ya sayar da babur, ya ba Malam Musaddiq dubu ɗari da tamanin cif ya kawo mini, shi ko ƙofar gidan bai tako ba. Malam ya ce abin da ya faɗa kawai shi ne, tunda takarda ta ce, kuma masu ilimi suka rubuta, ba zai yi jayayya da wadda ta raine shi ba. To ke da kike jami'a, gaya mini, wanda bai ci ba me zai sa ya biya?

Takardu biyu ne a hannuna yanzu, duka rubutunki, ɗaya tana ƙaryata ɗaya. Ta farko kin yi ta babu wanda ya roƙe ki, ita na riƙe. Kada ki sake kira na, kada kuma ki kai maganar nan wajen babanki.

Halimatu Sa'adiya

Dutse, 20 ga Fabrairu, 2025

Goggo,

Assalamu alaikum. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Na yi kuka da na karanta, ba zan ɓoye miki ba. Wallahi tallahi ban taɓa ganin Anti Na'ima ba, ko a hanya muka haɗu ba zan gane ta ba. Amma na san rantsuwata ba za ta yi miki komai ba yanzu, don haka kada ki yarda da ni. Ki yarda da hannunki. Lissafi biyu zan ba ki, ba sai da ni ba, ba sai da Yaya Ɗanladi ba.

Na farko, ki ɗauko rasit ɗin injin, ki raba kuɗin gida goma, don shekara goma na ƙiyasta masa. Ki ga abin da zai ba ki. Ki tambayi kanki ko akwai ɓarawon da zai yi shekara yana ɗiba kaɗan-kaɗan, satarsa ta zo daidai da wannan lamba, babu ɗori babu ragi.

Na biyu, na tabbata kina rubuta abin da yake kawo miki duk Juma'a, irinki ba za ta karɓi kuɗi ba ta rubuta ba. Ki haɗa na bara duka. In ya ci kuɗin nan, dubu ɗari shida da sittin za ki samu, kamar yadda na rubuta a layin riba. In bai ci ba, za ki samu dubu ɗari takwas da arba'in, domin dubu ɗari da tamanin ɗin a hannunki suka shiga tare da sauran.

Kin tambaye ni me zai sa wanda bai ci ba ya biya. Wannan ba a koya mana ba, Goggo, ke kika san shi, ni ban san shi ba.

An kafe sakamakon aikin, na ci ashirin da bakwai cikin talatin. Ko kallon allon ba na son yi. Da na rubuta kalmar inji a layin nan, haruffa huɗu, da duk wannan bai faru ba.

'Yarki, ko kin yarda ko ba ki yarda ba,
Mu'minatu

Ringim, 27 ga Fabrairu, 2025

Mu'minatu 'yata,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, in dai ana kiran wannan lafiya. Jibi ake sa ran azumi, Allah ya sa mu gani da rai.

Kwana biyu na ajiye wasiƙarki ban taɓa rasit ɗin ba, tsoro nake ji. Da na ɗauko shi ko biro ban nema ba. Miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, na rufe sifili guda da babban yatsana, sai ga lambar tana kallona. Duk da haka na ce bari in yi na biyun, wataƙila dace ne. Juma'a hamsin da biyu, sau uku na haɗa su, da tabarau da kalkuletar waya. Dubu ɗari takwas da arba'in. Kuɗin da na tara mutane a kansa ni na ci shi, a cefane da magani da gudunmawar biki.

Ki yafe mini abin da na ce miki a kan Na'ima. Awon ciki ta je, ashe wata biyar gare ta. Ke kin yi kuskuren kalma, gaskiya ne, kuma nan gaba ki riƙa karanta abin da kika rubuta kafin ki ba direba. Amma kada ki ɗauki kayan nan ke kaɗai. Tun kafin takardarki ta zo na gama yanke wa Ɗanladi hukunci, shaida kawai nake nema. Babur ɗin nan na san da kuɗin tumatir ɗinsa na noman rani ya saya, ni da kaina na sa masa albarka ranar da ya kawo shi. Na sani, na ajiye sanin a gefe.

Ban aika a kira shi ba, ni na je. Na ɗauki Malam Musaddiq da Sagiru, na taka da ƙafar nan har gidansa. Na ce a bar ƙofa a buɗe, duk wanda ya ji na farko ya ji na biyu. Na faɗi komai, na ce Ɗanladi bai ci mini ko kwabo ba, ni ce na zalunce shi, na roƙe shi gafara. Malam ya yi addu'a. Na ajiye masa kuɗinsa a kan tabarma, na ɗora makullin shago a kai.

Ya ce ya yafe, duniya da lahira. Sannan ya ɗauki kuɗin ya kwance robar, ya fara ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, a gabana, a gaban kowa. Da ya gama ya juya su ya sake ƙirgawa. Ya roƙi Malam ya rubuta a takarda cewa ya karɓa, mu duka mu sa hannu, don kada wata rana a samu saɓani. Ni ma aka miƙo mini biro na sa.

Makullin bai taɓa shi ba. Na ce ga azumi ya zo, mata na ta sintiri da geronsu suna tarar da shago a rufe. Ya ce ya riga ya karɓi aiki a wani injin casar shinkafa a hanyar Taura, ya ba mutumin alkawari, ba zai saɓa ba. Ya ce zai nemo mini yaro mai amana, amma in samu wanda zai riƙa duba masa littafi duk wata, hakan ya fi wa kowa kwanciyar hankali. Babu fushi a muryarsa, da ma ya yi fushin.

Ya rako ni har bakin ƙofa, ya riƙe mini sandata na sa takalmi. Sai ya durƙusa ya ce, "Na gode, Hajiya. A sauka lafiya."

Mu'minatu, tun yana shekara tara Inna yake ce mini.

Goggonki,
Halimatu Sa'adiya